Laujen Baba da Ƙafar Hamza

Ranar wata Talata ce a kakar riɗi, shekarar da na cika bakwai, na kwantar da ƙanena Hamza a ƙarƙashin rumfar karan da ke tsakar gidanmu, na ɗora ƙafarsa ta hagu a kan turmin da na kifa, na zaro tsohon laujen Baba daga jikin danga. Hamza shekararsa huɗu. Tun yana rarrafe shan inna ya shanye masa ƙafar nan, ta koma siririya kamar muciya, kullum jan ta yake a ƙasa. Bai yi gardama ba. Shi da kansa ya naɗe jallabiyarsa har cinya, ya ce, "Batula, ki yi sauri kafin Habboba ta tashi." Na maƙala laujen a bayan ƙwaurinsa, na rufe ido, na ja da duk ƙarfina.

Ƙauyenmu yana gabas da garin Doka, kuma riɗi ba ya jiran kowa. In ya bushe a tsaye sai kwansonsa ya fashe, ƙwayar ta zube cikin tsagar baƙar ƙasa, shekara ta tafi a banza. Don haka duk mai iya riƙe lauje tun asuba yake gona. Gida sai ni da Hamza da Habboba, wato kakarmu ta wajen uba. Ni ke shara, ni ke zuba wa awaki harawa, ni ke kora jaki zuwa ɗebo ruwa, sannan in saɓa Hamza a baya in kai shi inda yara ke langa ya zauna ya yi kallo. Duk wanda ya kira shi gurgu sai mun raba raini. Na taɓa cizon wata yarinya a kunne har sai da aka ɓamɓare ni daga jikinta.

Bayan isha'i Habboba ke ba mu tatsuniya, kuma tatsuniyoyinta jini ne zalla. A farke cikin kura, a fille kan sarki, a jefa mugu a rijiya a bi shi da duwatsu, mu kuwa muna ta murna. Wadda ta fi shiga raina ita ce ta tsohuwar bakin kogi da aka kai wa yaro gurgu. Ta yanka shi gaɓa-gaɓa, ta zuba a tukunya, ta rufe da farin zane, da ta buɗe sai ga yaro ya fito da gudu a kan ƙafa biyu. Ashe duk daren duniya Habboba kan rufe da cewa, "Ƙurunƙus. Ƙarya na shirga muku, kowa ya bar ta a nan." Ni ban taɓa jin wannan ba, domin gajiyar ruwa da goyo kan kwashe ni tun kafin a kai ƙarshe. Ga shi kuma a tabarmar nan, da muryar nan, take ba mu labarin yadda mahaifinta ya tako daga yamma da ƙafa zai je aikin Hajji, har ya yi zamansa a ƙasar nan ta masu jin Larabci. Ta ina yarinya 'yar bakwai za ta raba wannan da wancan?

Na riga na ɗora tukunya a murhu, na sato farin mayafin Habboba na ajiye kusa. Amma a tatsuniya ba a ce yaron ya yi ihu ba. Hamza ya ƙwalla ƙarar da har yau ina jin ta, jini ya yi tsartuwa ya wanke mini fuska, naman ya buɗe fari kafin ya rine. Habboba ta fito ba ɗankwali. Ba ta ko dube ni ba, ta yage mayafin nan ta ɗaure masa cinya tamau, ta goya shi, tsohuwar da ko tulu ba ta iya ɗauka, ta yi bakin hanya da gudu ta tare wata lori mai ɗauke da 'yan ƙwadago. A Doka aka ɗinke shi. Mai ɗinkin ya ce da ƙarfina ya ɗara haka kaɗan, da gawa aka kawo masa.

Washegari da hantsi Baba ya dawo daga Doka. Ya kwance igiyar jaki ya ninka biyu, ya dake ni har na saki fitsari, har bayana ya farfashe, sai da Inna ta faɗo a kaina ta karɓi sauran. Yana haki ya ce, "Shinu, me ya kai ki? Me ya yi miki?" Na ce, "Ban gama ba ne, Baba. Da na sa shi a tukunya da ya warke." Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya juya wajen mahaifiyarsa, mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba, ya ce, "Kalas, shi ke nan, Hajiya. Daga yau ba tatsuniya a gidan nan." Habboba ta yi shekara tara a duniya bayan haka, ko jikoki sun yi ta roƙo sai ta ce ta manta. Ni na rufe bakin nan, kuma abin yana ci mini rai fiye da dukan.

Yanzu a cikin garin Gadarif nake, Hamza yana ɗinki a kasuwa, ƙafar tana nan yadda take da tabonta. Ya taɓa ce mini, yana dariya, "Wallahi ya ukti, 'yar'uwata, ba zafin ne ya sa ni kuka a lori ba. Haushi na ji an hana ki ƙarasawa." 'Ya'yana huɗu, ban taɓa yi wa ko ɗaya tatsuniya ba, tsoro nake ji. Na ɗauka na kare su. Sai ga yaƙi ya zo, suna ganin kisa a waya, suna jin sa daga bakin maƙwabtan da suka gudo, kuma ba mai ce musu ƙarya ce, a bar ta a nan. A bakin Habboba dai, wanda aka yanka yana tashi.