Kwalin Kallo da Idon Rakiya na Hagu

Shekara huɗu ke nan da maza suka ɗauki Yaya Ilu daga tsakar gidan nan suka kai shi makwancinsa a bayan gari, nan Tamanrasset, nesa da Tasawa inda aka haife mu. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk shekara idan watan ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in dafa shinkafa in raba wa magina sadaka ba. Bana na ɗauki alƙalami, saboda na gano wani abu game da shi wanda ban sani ba yana raye, kuma abin kunya, wani kwalin wasan yara ne ya nuna mini.

Yaya mai shayi ne. Ya fara kafa teburinsa a In Amguel, bakin hanyar da manyan motoci ke bi zuwa arewa, daga baya ya dawo cikin gari kusa da inda direbobi ke sauke kaya. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san shayi ba a zuba shi a ɓoye. Ana ɗaga buta sama, a sako ruwan siriri cikin ɗan kofin gilashi har kumfa ta taso, kuma Abzinawa suna yin haka suna hira, ko kallon kofin ba sa yi. Shi Yaya nasa salon daban ne. Sai ya fara sauko da bakin buta ya taɓa bakin kofi, ka ji ƙyas, sannan ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari ya ɗaga butar a miƙe. Direbobi suka mai da abin tsokana, suna cewa butar Ilu mai ladabi ce, ba ta shiga sai ta yi wa kofi sallama. Yakan yi dariya ya ce haka aka yi mata tarbiyya. Ban taɓa ganin ɗigo ɗaya ya zube masa a faranti ba.

Yana da wasu halaye da muka ɗauka nauyin jiki ne kawai. Idan mutum ya zo masa ta hagu, sai ya juyo da kansa gaba ɗaya. Ya ƙi koyon babur har ya bar duniya. Muna yara a Tasawa, sa'o'insa na kakkaɓo kurciya da danƙo, shi ko bangon rumbu sai ya kuskure, Baba kuma ya ce masa sakarai.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, kwana tara. 'Yarsa Rakiya tana da shekara biyar a lokacin. Ana gobe zai cika ya ce mini, "Ki riƙe mini ɗiyar nan. Ki yi haƙuri da hannunta." Uwarta ta gama takaba ta koma gida, daga baya ta yi aure, Rakiya ta zauna a hannuna tare da 'yata Zulai.

Riƙo na riƙe ta, ba ta rasa ci ba, ba ta rasa sutura ba. Haƙurin ne ban yi ba. Ni mace ce mai saurin baki, duk unguwa an sani, kuma aikina na dafa wa magina abinci ba ya son jinkiri. Rakiya kuwa in ta zuba miya sai rabi ya sauka a gefen kwano. Dokin ƙofar da take tsallakawa kullum, kullum sai ta yi tuntuɓe da shi. In na ba ta zare da allura, sai in gama tuwo ba ta zura ba. Na sa mata suna Hannun Rariya, yaran unguwa suka ɗauka. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne shayi. Da ta kai shekara bakwai na fara sa ta zuba wa baƙi, sai na ga tana kai bakin buta tana ƙwanƙwasa kofi. Na make hannun na ce kofunan gilashi ne, ba na ubanta ba ne da za ta fasa mini. Daga ranar ta daina, ta koma zubawa daga sama kamar kowa, rabi a kofi rabi a faranti.

Farkon shekarar nan na je kasuwa gyaran waya wurin wani ɗan Kano mai sayar da caja. Ina jira na ga wani abu a rataye, kwali ne da aka naɗe kamar ƙaramin akwati, da gilasai biyu masu kumburi a gaba, da wurin zura waya a baya. Ya ce na yara ne. Ana sa wayar a ciki, hoton ya rabu biyu, kowane ido da nasa, sai mai kallo ya ga kamar yana tsakiyar wurin. Ya sa mini na leƙa, sai ga ni a ƙarƙashin teku, wani kifi mai faɗin faifai ya nufo fuskata. Na yi salati na ja da baya har na take masa kaya. Kuɗinsa bai kai na sukarin da nake saye a mako ba, don haka na ɗauko.

Zan faɗi gaskiya game da wannan abu, tunda iyaye da yawa sun tambaye ni. Kwali ne, ba wani abin a zo a gani ba. In yaro ya daɗe a ciki yana sa jiri, shi ya sa na yanka musu lokaci: kafin ruwan shayi ya tafasa, mai kallo ya miƙa wa na gaba. Yana kuma cinye cajin waya kamar me. Amma 'ya'yanmu a nan aka haife su, tsakanin dutse da rairayi, ruwan da suka sani ya zo da yawa shi ne na kwari in an yi ruwan sama, kwana biyu ya ƙafe. A cikin kwalin nan suka ga teku, suka ga daji mai ganye har sama, suka tsaya a kan dutsen Assekrem da ke nan bayanmu wanda baƙi ke ƙetaro duniya su hau, mu kuwa ba mu taɓa kai su ba. Tambayoyin da Zulai ta yi mini a wata guda sun fi na shekara. Babban alherinsa kuwa arharsa ce. Da mai tsada ne, da na kulle shi a akwati ina fito da shi ranar salla, ina tsaye a kansu kamar jandarma. Da yake kwali ne, na sake musu shi, ya zaga gidajen unguwa, ya sha hannu, ya sha miya.

Tun a kwanakin farko na lura da wani abu ban ba shi muhimmanci ba. Kowane yaro in kifin ya taso sai ya yi ihu ya kauce. Rakiya ba ta kaucewa. Takan ce yana da kyau, amma ai daidai yake da kallon waya a hannu. Na ce a raina yarinyar nan komai nata sanyi-sanyi.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar, wurin ja-in-jar yara a kan kwalin, gilashin gefen hagu ya ɓalle ya faɗa wani wuri. Zulai ta leƙa ta ce ya lalace, gefe ɗaya duk hazo ne, kanta ma ya fara ciwo. Sauran yara suka leƙa suka watse. Ina tankaɗe gari sai na ga Rakiya ta ɗauka ta zauna a gindin bango tana kallo abinta, har tana murmushi.

"Ke, ba an ce ya lalace ba?"

"Lahiya tai lau, Gwaggo. Yadda shike jiya haka shike."

Na karɓa na leƙa. Gefen hagu babu komai sai farin hazo. Na dube ta, na ga ba gardama take yi ba. Ban san abin da ya sa ba, sai na sa tafin hannuna na rufe mata idon dama, na ɗaga ludayi da ɗaya hannun, taku biyu tsakaninmu.

"Mi na riƙe?"

Ta yi ta juya kai. Sannan ta ce, "Gwaggo, ɗauke hannunki in gani."

Na zauna a ƙasa, garin da ke hannuna duk ya shafe mata fuska. Shekara huɗu yarinya tana gabana, ina wanke mata fuska, ina sa mata kwalli a wannan idon, ban san ba ta gani da shi ba. Ita ma ba ta sani ba. Ta ɗauka haka kowa yake ganin duniya.

Likitan ido da muka je wurinsa ya yi mana bayani da Larabci, wata mata ta taya ni fahimta. Ya ce idon ba makaho ba ne, rauni ne da shi tun tana ƙarama, sai kai ya yi watsi da shi ya dogara da na dama. Mai ido ɗaya kuma yana ganin abu sarai, nisansa ne yake ruɗa shi, shi ya sa take kuskure kwano da kofi. Ya ce irin wannan a ƙuruciya ake gyara shi, mun zo a makare, amma ba a rufe ƙofa ba tukuna. Da mun ƙara 'yan shekaru, da sai haƙuri. Ya rubuta tabarau, ya ce kullum a rufe mai lafiyar na wasu sa'o'i don a tilasta wa raunannen aiki. Sannan ya tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi. Na ce babu.

A hanyar komawa gida, muna cikin mota, na tuna da butar da ke sallama. Na tuna juyin kansa, da babur, da danƙo, da sakaran da Baba ke ce masa. Ba likitan da ya taɓa duba idon Yaya, kuma ba zan rantse a kan abin da ƙasa ta rufe ba. Amma na san abin da na gani shekara da shekaru. Mutum ne da ya ɗauki sana'ar da duk ƙasar nan ake gwada gwaninta da ita, ya nemo wa kansa hanyar da hannu zai auna abin da ido ya kasa aunawa, ya bar mutane suna dariya suna cewa salo ne. Kuma ya ga abin a jikin 'yarsa tun tana rarrafe. Bai san sunansa ba, bai san ana maganinsa ba. Abin da yake da shi ya ba ta, wato wannan ƙyas ɗin, ni kuma na make hannunta na hana.

Nakan tambayi kaina abin da Yaya zai ce da ya ga kwalin nan. Da farko na ɗauka shi zai riga yara leƙawa, don mutum ne mai son sabon abu, rediyonsa ba ya mutuwa. Yanzu ina ganin da an miƙa masa zai leƙa sau ɗaya, ya ga kowa na kaucewa shi bai ga abin kaucewa ba, ya mayar ya ce shayinsa na kan wuta. Amma da ya ji cewa abin da ya ɓoye tsawon ransa yana da suna, kuma ana iya ceto idon 'yarsa, na tabbata da ya saya wa kowane gida a unguwar nan nasa kwalin. Ni dai abin da nake gaya wa mata shi ne, kwali ba likita ba ne, kuma ba sai kin saye shi ba. Ki rufe wa ɗanki ido ɗaya da hannu, ki nuna masa ludayi, sannan ki rufe ɗayan. Ki yi wannan kafin ki laƙa masa sunan tsokana.

Wata bakwai ke nan muna fama. Rakiya ta tsani rufin idon, ta yi kuka, ni ma na yi, mun yi faɗa mun shirya. A zuwanmu na ƙarshe ta karanta layuka biyu a allon likita da idon da a da ko babban harafin sama ba ya gani. Likitan ya ce idon ba zai kamo ɗan'uwansa ba, amma ya farka. Na sake sayo wani kwalin. Har yanzu ba ta kauce wa kifin ba, kodayake ranar nan ta ce kamar ya ɗan matso. Sunan Hannun Rariya kuwa na bi gida-gida na ce duk yaron da ya sake faɗinsa ni da shi ne, alhali kowa ya san bakin da ya fara fito da shi.

Yaya bai bar gida ba, bai bar gona ba. Teburinsa wani ya karɓa, rediyon ya lalace. Butarsa ce kawai a wurina. Ranar sadakar bana, tsofaffin direbobi uku da suka san shi tun In Amguel suka zo yi mana addu'a. Na hura gawayi, na ɗauko butar daga ƙasan akwati, na kira Rakiya na ce ita za ta zuba. Ta ɗaga butar sama yadda na tilasta mata, tana satar kallona ta bayan tabarau.

Na ce, "Ba haka ba. Yadda Abbanki ya koya miki. Ki yahe mini, ɗiyata, ni ce ban sani ba."

Ta sauko da bakin butar a hankali har ya taɓa kofi, ƙyas. Babban cikin direbobin, wanda ke tsakiyar magana, ya katse ta ya juyo. Ta manne gwiwar hannu a haƙarƙari ta ɗaga, kumfa ta taso har baki, farantin a bushe.

Tsohon ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Da ya saki, sai ya miƙa hannu ya karɓi kofin, ya ce, "Wa alaikumus salam, Ilu."