Mama Hellen da Kalmar Dogara

An haifi Mama Hellen a wani ƙauye kusa da Samaru Kataf. Mahaifinta bai taɓa shiga coci ko masallaci ba. Idan ruwa ya yi jinkiri, Agwaza yake kira, sunan Allah a yarensu. Tana yarinya aka kai ta reno gidan wani Bahaushe mai sayen fatu, a can ta ji ana cewa Ya Allah, Ya Rabbi. Daga baya ta auri mutumin Jaba mai gyaran layin dogo a Kafanchan, su kuma Nom suke cewa. A gidansa ta zama Kirista, aka yi mata baftisma da Hausa.

Da mijin ya rasu ta kama aikin shara a wani asibiti. Nan ta koyi wata ɗabi'a. In ta ga mutum ya kusa tafiya ba kowa nasa, sai ta jingine tsintsiya ta tambaye shi, "A gidanku, yaya ana kiran Allah?" Sunan da ya ba ta, shi za ta yi ta faɗa masa a kunne. Takan ce mai ciwo yana manta Turanci, yana manta Hausar kasuwa, amma ba ya manta wanda uwarsa ta kira a kansa.

Ni a matsayin ƙawar mahaifiyata na san ta, mai jan waƙa a zumuntar mata, wadda tun da na gama jami'a take ce mini Digiri. A daminar 1976, bayan na dawo bautar ƙasa, muka hau motar citta ɗaya daga kasuwar Kwoi. Da la'asar birki ya ƙwace a wata gangara, motar ta kife. Ba zan ja bayanin ba. Na fito da targaɗe. Dogara, Musulmin ɗan kasuwar da ya sayi cittar, buhuna suka danne masa ƙirji.

Ba Musulmi ko ɗaya a kusa sai direba, shi kuma ya suma. Dogara yana motsa baki, magana ba ta fita. Mama Hellen ta ɗora kansa a cinyarta.

"Digiri, ka iya wancan kalma nasu?"

"Na iya, Mama, amma ai mu..."

"To matsa, kana tare iska."

Ta sunkuya ta laƙƙana masa kalmar shahada, a hankali, yadda ta ji ana yi a gidan da ta yi reno. Ya bi ta har ƙarshe. Ta rufe masa ido da tafin hannu, sannan ta yi tata addu'ar cikin sunan Yesu, ƙasa-ƙasa.

Da maganar ta tsaya a bakin hanya, amma dangin Dogara mutanen kirki ne. Sun ji daga fasinjoji cewa ya cika da kalma a bakinsa, abin da ya fi kwantar musu da hankali. Ranar Lahadi ƙanwarsa Maijidda ta zo da ƙwaryar goro ta tsaya a ƙofar coci. Da aka tashi, ta durƙusa gaban jama'a ta yi godiya, ta faɗi komai dalla-dalla, don kowa ya san alherin da aka yi musu. Kafin yamma dattawan ikilisiya sun sa ranar zama. Abin da za a duba shi ne ko Mama Hellen ta yi musun Ubangijinta. In haka ne, za a sa ta horo, a hana ta jibi, wato gurasar Ubangiji da ake rabawa a coci.

Aka kira ni shaida. Na faɗi abin da na gani. Dattijo Silvanus, wanda suka yi ajin baftisma tare da Mama Hellen, shi ya yi tambaya.

"Hellen, kin faɗi kalmar ko ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa."

"Kin san abin da ke cikinta?"

"Silvanus, na girme ka a Hausa."

Wasu suka danne dariya. Bai yi ba.

"Ba sunan Allah ne damuwarmu ba," ya ce. "Mu ma Allah muke cewa. Rabin kalmar na biyu fa? Wanda ya faɗe shi, ya shaida ke nan."

"Shi ne ya shaida. Mutum hannunsa ya karye, ka riƙe masa kofi, kai ka sha ruwan?"

"Da kin kira masa Yesu."

"Da ya juya ya kalle ni, yana neman gane me nake nufi. Ba shi da wannan lokaci."

Suka daɗe suna shawara da yare, suna komawa Hausa. Na lura ba wanda yake son hukunta ta. A ƙarshe suka ba ta hanya mai sauƙi: ta tashi gaban ikilisiya ta ce ruɗewa ce ta sa ta, ta tuba, shi ke nan.

Ta gyara ɗankwali.

"Digiri ne ya ruɗe, ni ban ruɗe ba. In na ce na tuba, na yi ƙarya a gidan Allah. Ku ba ni horon."

Aka ba ta, har zuwa Kirsimeti. Ranar jibi na gaba ta zo da wuri, da zanen zumunta, ta zauna a bencin baya inda masu horo suke zama. Dattijo Silvanus ne ke raba gurasa. Da ya iso layinta ya tsaya kaɗan, sannan ya wuce. Wata mata ce ta ja waƙa ranar, ta ɗauke ta da sama sosai, sai ga muryar Mama Hellen daga baya tana sauko da ita.