Ɗan Gadin da Baba Ya Ƙera

Akwai wani lungu a unguwar Naif ta Dubai da nake bi idan na tashi daga aiki, tsakanin masu sayar da jakunkuna da masu gyaran waya. Ba shi ne hanya mafi kusa zuwa tashar jirgin ƙasa ba, amma shi ƙafata ta saba da shi. Dalili kuwa ƙaurin dalma ne. Da zarar mai gyara ya ɗora bakin ƙarfensa mai zafi a kanta, siririn hayaƙi ya tashi, ƙaurin yakan tarye ni tun kafin in iso ƙofar shagon, sai in rage sauri. Wasu toshe hanci suke yi su wuce. Ni kuwa a wurina warin rigar mahaifina ne, kuma warin soron gidanmu a Kano.

Na daɗe a Dubai, ina aiki a wani kantin magani a Deira. Idan abokan aiki suka tambaye ni sana'ar mahaifina, nakan ce malamin makaranta ne kawai. Gaskiya ce, amma ba ita ke nan ba. Sauran labarin ne nake so in ba ka, mai karatu, domin ba za ka same shi a wani wuri ba.

Gidanmu na ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, da darbejiya a tsakar gida, da randar Kaka a gindinta. Kakar nan ita ta haifi Baba, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa ita take ce mini takwara, shi kuma yake kirana Uwata. Baba ya yi karatun injiniyan lantarki a lokacin da masu irin wannan karatu ba su da yawa a unguwarmu. Abokan karatunsa sun kama manyan ayyuka, shi kuwa ya zaɓi koyarwa a makarantar koyon sana'a. Mutum ne mai ƙarancin magana. Idan yana tunani yakan riƙa murza ɗan guntun waya a tsakanin yatsunsa har ya yi laushi.

Ina farkon firamare ciwon suga ya kama ni. Kaka ce ta fara lura, da ta ga kiyashi na taruwa a inda na yi fitsari, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga rama. Likita ya ce sai allura safe da yamma har iya rayuwa, kuma maganin ba ya jure zafi, a sanyi ake ajiye shi. Saboda ni aka sayi ɗan ƙaramin firji na hannu, aka kafa shi a ɗakin Inna, mahaifiyata.

Wanda ya tashi a wancan zamani ya san halin wutar da muke samu. Wata rana ta zo a raunane, ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, firji ya yi ta nishi ya kasa tashi. Wata rana kuma ta zo da ƙarfin tsiya, ƙwai ya yi fari fat ya fashe. Yara na ihun an kawo wuta a waje, manya na rige-rigen zare kayansu daga bango.

A wata bazara, Baba ya yi tafiyar aikin jarrabawa zuwa wani gari, wuta ta zo da ƙarfi bayan la'asar ta ƙone firjin. Mai gyara ya ce babu kayan gyaransa a hannu, sai an jira. Inna ta sa kwalbar maganin a kofin ruwa ta ajiye a inuwa, tana canza ruwan. Amma zafin bazarar Kano ba ya barin ruwan kofi da sanyi. Maganin ya lalace a hankali, ba mu sani ba, tana ta yi mini allurar da ba ta aiki. Abin da nake iya tunawa shi ne ƙishirwa, da amai, da muryar Kaka tana kiran takwara daga nesa kamar daga ƙasan rijiya.

Na farka a asibiti na ga Baba zaune a ƙasa kusa da gadona, ba hula a kansa. Ban taɓa ganinsa a waje ba hula ba sai ranar. Bai san na buɗe ido ba lokacin da yake ce wa Inna, a hankali, "Ina koya wa 'ya'yan mutane lantarki, ga lantarki ya kusa kashe mini 'ya a cikin gidana."

Inna ta ce, "Malam, ƙaddara ce."

Ya ce, "Na sani. Amma ƙaddarar ta biyo ta waya, ni kuma na san waya."

Da aka sallame ni an riga an gyara firjin, amma duk da haka Kaka ta samo ƙaramar tukunyar ƙasa ta binne rabinta a jiƙaƙƙen yashi a gindin darbejiya, ta ce nan ne ɗakin maganin takwararta duk ranar da firji ya ƙi. Baba bai raina dabarar ba, har ya sa ma'aunin zafi a ciki ya gwada, ya ce ta yi. Shi kuma ya kwashe tarkacen da ke soro, ya shigar da tebur da kujera.

Abin da yake so ya ƙera, kamar yadda ya bayyana mini daga baya, abu ne da zai tsaya tsakanin bango da firji, ya fara ɗanɗana wutar kafin ya bar ta ta wuce. In ta yi yawa ya hana ta, in ta yi kaɗan ya hana ta. In an ɗauke aka dawo da ita, kada ya buɗe nan take, ya ɗan dakata har ta natsu. In kuma firjin ya daɗe ba wuta, ya kaɗa ƙararrawa da batirin tocila, domin matan gida su mayar da magani tukunyar Kaka. Ya zagaya kasuwa bai sami mai kama da shi ba. Ban sani ba ko wani ya riga shi a wata ƙasa. A garinmu dai ba wanda ya taɓa gani, shi ma bai karanta shi a ko'ina ba.

Damina guda ya kwashe a soron nan. Yana dawowa daga makaranta zai ci abinci ya shige. Ruwa na dukan kwano, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na gauraya da ƙaurin dalma, shi kuma yana naɗa siririyar wayar jan ƙarfe da hannu, leɓensa na motsi. Kayan aikinsa daga matattun rediyoyi yake ciro su. Da suka ƙare, wata safiya Inna ta nemi rediyonta ta rasa, sai ƙoƙonsa ta gani a kan tebur. Kwana da kwanaki tana kai masa abinci ba ta ce masa sannu.

Na farko da ya haɗa ya yi tartsatsi ya ƙone, har da fankar da ya gwada da ita. Na biyu kuma ya ƙi barin kowace irin wuta ta wuce, mai kyau da marar kyau. Kaka ta leƙa ta ce, "Wannan rowa ta yi masa yawa, sai a sake masa tarbiyya." Baba ya yi dariya, abin da ya daɗe bai yi ba tun kwanciyata asibiti.

Na ƙarshen a cikin akwatin katako ya sa shi, da ƙananan fitilu biyu a gaba, ja da kore. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka kawo wuta irin ta mugunta. Muka ji ƙwan maƙwabta ya fashe. Duk muka taru a ƙofar ɗakin Inna muna kallon akwatin. Jar fitila ta kama, firji bai motsa ba. Muka yi ta jira. Can wutar ta lafa, akwatin ya ce ƙas, koriyar ta kama, firji ya tashi da gurnaninsa na kullum. Baba ya ɗora hannu a kaina. Kaka ta ce ai wannan ɗan gadi ne, kuma sunan da ya bi shi ke nan.

Labari ya bazu. Masu kemis suka fara sallama a ƙofar gida, sai masu sayar da ƙanƙara, sai ma'aikatan ƙananan asibitocin ƙauye da ke ajiye allurar rigakafi. Ɗalibansa na yanka katako, shi yana haɗa cikin. Ranar Asabar ya ɗaure akwatuna a bayan babur ya nufi ƙauyuka, ya dawo da yamma da jar ƙasa har gira, wani lokacin da zabuwa ko damin rake da aka ba shi.

Ya so abin ya fi haka. Ya so a kafa ƙaramar masana'anta, ɗalibansa su sami aiki, kowane firji a ƙasar ya sami ɗan gadi. Ya sa babbar rigarsa ta Salla ya ɗauki akwatin ya shiga ofisoshi, ya kai shi wajen baje koli. An yaba, an ɗauki hoto da shi, an ce ya dawo. Ya koma har ya gaji. Wani attajiri ne kaɗai ya gaya masa gaskiyar ransa, cewa shigo da kaya daga waje ya fi masa sauƙi a kan jiran a ƙera a gida. Ranar Baba ya dawo ya ninke rigar da kansa, ya ci tuwonsa, bai sake ɗaukar akwatin zuwa ofishin kowa ba.

Bayan wasu shekaru, irinsa na farar roba suka cika kasuwa daga ƙasashen waje, ƙanana, masu kyan gani. Ba wanda ya sace masa komai, wasu ne can suka yi nasu tunanin, suka sami masu tsaya musu. Sallama ta ragu a ƙofar gida har ta ɗauke. Mutane suka cire akwatunan katako suka jefar. Baba ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya, ba a rubuta sunansa a jikin komai ba.

Ni kuwa na rayu. Na yi karatun harhaɗa magunguna, na yi aure, aiki ya kawo mu nan. Kaka ta rasu, Inna ta bi ta. Da Baba ya tsufa, idanunsa suka yi rauni, na yi masa biza ya biyo ta wurinmu a kan hanyarsa ta dawowa daga Umra. Lokacin sanyi ne. Ya sauka a ɗan gidan da muke haya a unguwar Satwa, yana wuni a ƙofar wani tela yana sauraron kekunan ɗinki. Wata rana ya ce, "Uwata, kai ni inda ake sayar da kayan wuta."

Na kai shi wani shagon sari a Deira, inda 'yan kasuwarmu ke lodin kaya zuwa gida. Mai jiran shagon matashi ne Bakano. Baba ya kwatanta masa abin da yake nema, saurayin ya zaro ɗaya daga kwali.

"Ga shi, Baba. Wannan yana tafiya sosai a Kano, kwantena-kwantena ake ɗauka. To, kwali nawa za a kai muku wajen masu lodi?"

"Ɗaya nake so, ɗana. Amma ka ara mini abin kwance noti."

Ya zauna a kan wani kwali ya buɗe shi, ya kawo shi dab da idonsa, sannan ya bi cikinsa da ɗan yatsa a hankali. Na kasa haƙuri na ce wa saurayin, "Mahaifina ya ƙera irin wannan da hannunsa tun kafin a haife ka." Ya ce masha Allah cikin ladabi, ya juya wajen wani mai saye. Raina ya sosu. Na dubi Baba ina tsammanin in ga haka a fuskarsa, sai na tarar murmushi yake yi.

"Zo ki gani," in ji shi. "Nawa yana da wani aibi da ban taɓa gaya muku ba. In zafi ya yi tsanani lissafinsa yakan goce, shi ya sa duk bazara nake zagaya ƙauyuka ina saita su. Shekaru na yi ina neman maganin abin ban samu ba. Dubi wannan 'yar ƙwayar. Da ita suka kashe matsalar." Ya jinjina kai. "Ko waye ya yi wannan, ya sha wahala kafin ya gano. Allah ya yi masa albarka."

Da yamma muka hau abra, ƙaramin jirgin ruwan da ke tsallaka da mutane. Muna tsakiyar ruwa ana shirin kiran magariba, fitilun gari suka fara kamawa ta kowane ɓangare. Ba ya ganin gine-ginen sosai, hasken kawai yake gani. Ya tambaye ni ko ana ɗauke wuta a nan. Na ce tun da na zo ban gani ba.

Da muka kusa gaɓa ya ce, "Da a nan aka haife ki, da ban ƙera komai ba." Ya kama hannuna domin mu sauka. "Kuma da na fi son haka, Uwata."

Bai sake wata tafiya ba bayan wannan. Ya rasu a gida, a ɗakinsa, ƙannena na kusa da shi.

Yanzu 'ya'yana suna tasowa a garin da ba su san ana ihu don an kawo wuta ba. Maganina ma ya canza, ya zama kamar alƙalami, ina yawo da shi a jaka. Idan na ba su labarin kakansu sukan saurara, amma na san ba sa gane girman abin, kuma ba na ganin laifinsu. Sun san hotonsa, sun san malami ne. Babbar cikinsu ta taɓa tambayata me ya sa ba a sa shi a littafin makaranta ba, in dai da gaske shi ya fara. Na ce mata ban sani ba. Abin da na sani shi ne, akwai mutane a Kano da ƙauyukanta da suka girma suka haifi nasu 'ya'yan, ba su san cewa allurar da aka yi musu suna jarirai ta kai gare su da ranta saboda wani malami mai babur ba. A cikin waɗanda ɗan gadinsa ya tsare, ni kaɗai ce na san sunansa, kuma kullum ina faɗarsa a sujada.