Hatimi Ba Ya Hawa Fuskar Malam

Maƙwabcinmu Dangwale ya shekara talatin yana buga wa wasiƙu hatimi a gidan waya, ko ƙuda ya sauka kan ambulan sai ya sha duka. Ranar da aka fito da kan sarki mai hoton malamin nan jagoran neman 'yancin kai, hannun Dangwale ya tsaya cak.

"Baba, ka buga ko ka ajiye aikin," in ji shugabansa.

"Ranka ya daɗe, Bature bai mari fuskar nan ba, sai ni?"

Kwana uku yana gwaji a kan tsohuwar jarida, har ya iya sauke hatimin a gefen rawani kawai. Aiki ya tsira, gemun Malam ko ɗigon tawada babu.