Ɗigon Mai a Farar Ƙwarya

Jiya na ji warin ƙonannen baƙin mai daga bayan gida, sai na zauna na yi kuka. Injin yankan itacen maigidana ne, ɗanmu ya tayar da shi karon farko tun rasuwarsa. Allah ya jiƙansa. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, amma abin da zan gaya maka da idona na gan shi.

Ina yarinya aka zo haƙa kanal a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. Hanyar ruwan ta bi ta gindin tsamiyar da ke bayan gidan kakana, dab da rumbuna uku. Farkon damina ne, sauran hatsinmu da irin shuka duk suna ciki. Wani Kirista mutumin Jos ya zo sare tsamiyar da injin da ba mu taɓa gani ba, yana kuka kamar zai tsaga ƙasa. Mu yara muka toshe kunnuwa, tsofaffi suna ta salati.

Ya ci rabin gindin, sai hayaƙi ya tashi, sarƙar injin ta ƙame. Ga tsamiya ta fara ƙara, ga hadari ya haɗo daga gabas, iskarsa kuma kan rumbunan take turawa. Mutumin ya buɗe tankin man sarƙa, mai cike. Ya ja sarƙar, ya sake ja, gumi yana zuba. Maza suka fara cewa mutanen tsamiya ne suka ƙi.

Kakata ta fito, hannunta duk tunkuza, don man gyaɗa take matsa.

"Ɗan nan, wannan ƙauri na abin da ya bushe ne. Ina man yake bi?"

"Mama, wannan ba aikin ƙuliƙuli ba ne."

"Naka aikin ai mun gani. Tayar, ka nuna bakinsa nan."

Ta miƙa farar ƙwarya. Ya tayar, ƙwarya ta fito fes, ko ɗigo babu. Ta sa shi ya kwance ƙarfen da sarƙar ke zagayawa. A gindinsa akwai wani rami, bai kai ƙwayar dawa ba, garin itace ya toshe shi tam. Ta zare tsinken tsifa daga kanta ta sakace ramin, ta bi kwarin ƙarfen har ƙarshe, ta hure. Da ya ɗaura ya tayar, sai ga feshin mai ya zana layi a ƙwaryar.

Mutumin ya cire hula. Ya ƙarasa yanka, tsamiya ta faɗi can inda aka so, ƙasa ta girgiza har cikin ƙirjina, sannan ruwa ya sauko. Har yau ina mamakin ƙarfe mai wannan ruri, a ce ransa yana cikin rami kamar idon allura.

Na ba maigidana labarin nan shekarar da ya sayi nasa injin. Ya yi dariya, amma bai sake fita aiki babu tsinke a aljihu ba. Yanzu inda tsamiyar take shinkafa ce da tumatir iya ganinka, waɗanda suka ga ranar kuwa duk sun tafi sai ni.

Jiyan ina cikin kuka ɗana ya shigo ya ce, "Inna, injin nan ya bi Baba, hayaƙi kawai yake."

Na share hawaye na laluba kaina. Na ce, "Ɗauko min farar ƙwarya."