Saura-Kaɗan Mai Rijiya da Ramin da Ya Gagare Shi

Haihuwarsa

An haife shi a shekarar 1949, a tsakiyar titi, a daidai lokacin da gidansu yake cin wuta, maƙwabta suna ta kai da kawowa da bokitai babu ko ɗigon ruwa a ciki. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa masaƙiya, naƙuda kuwa ta taso mata ne ana cikin fito da ita a tabarma. Garinsu gari ne mai tashar jirgin ƙasa da rijiya ɗaya tak, ita ma a ranar ta ƙafe. Gida ya ƙone ƙurmus, jariri ya rayu, har ya tsufa kuma bai san ko barka aka yi wa iyayensa ba ko jaje, domin duk wanda ya tambaya amsarsa daban.

Karatunsa

An sa shi makaranta a 1956, inda malamai suka shaide shi da haƙuri amma ba su shaide shi da fahimta ba, saboda yakan wuni a kan lissafi ɗaya alhali 'yan ajinsu sun wuce shafi uku. Da jarrabawa ta kayar da shi a 1962, mahaifinsa ya miƙa shi ga kawunsa, wanda sana'arsa haƙar rijiya ce. Kawun ya ɗora shi a kan ƙa'idoji biyu: ta farko, ba a barin rami sai an ga ruwa, ta biyu, ba a jayayya da dutse. Da ya tambaya wacce ce babba idan sun haɗu a rami ɗaya, kawun ya ce masa ƙasa ce za ta gaya masa, ya miƙo guga ya daina surutu.

Sana'arsa

Bayan rasuwar kawun a 1968 ya gaji diga da igiya da guga, ya ci gaba da aikin bisa wasu ɗabi'u da shi kansa bai san yana da su ba. Yakan wasa digarsa tun yamma, ba ya karɓar aiki na biyu sai na farko ya kammala, in yana ƙasan rami kuma ba ya ɗaga kai sama, domin a cewarsa wanda ya duba nisan da ya yi zai fara tausayin kansa. Duk lokacin da mai gida ya leƙo yana ƙorafin jinkiri, amsa ɗaya ce take fitowa daga ƙasa: saura kaɗan. Wannan ya zama sunansa, har na yanka ya ɓace.

Akwai kuma abin da ba wanda ya lura da shi. A safiyar farko ta kowane aiki yakan kafa turke, ya haƙa iya gwiwa, ya shinshina ƙasar, ya ɗanɗana. In ba ta yi masa ba sai ya mayar da ita, ya matsa da turken gaba, duk kafin mai gida ya gama karin kumallo. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin hikima ba, balle ya faɗa wa wani.

Aure da zuri'a

Ya yi aure a 1974, ya auri 'yar wani mai gyaran agogo, mace mai kaifin baki wadda takan ce ita dai tsakiyar kansa ta aura, don ita kaɗai take gani in ta kai masa abincin rana bakin rami. Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar. Ya yi azamar babu wanda zai gaje shi a cikinsu, ya tura su makaranta gaba ɗaya, ya haramta musu ko taɓa diga, burin da ya cika masa fiye da yadda ya so.

Shahararsa

A 2003 wani malamin jami'a mai yawon lacca a kan sirrin cin nasara ya ji labarinsa, ya bi shi wurin aiki yana kallo yana tambaya, daga bisani ya gayyace shi babban ɗakin taro, ya zaunar da shi a kujerar gaba cikin sabuwar riga mai ƙaiƙayi. A nan ne Saura-Kaɗan ya ji an lissafa ɗabi'unsa ɗaya bayan ɗaya kamar ana karanta laifuffukansa, sannan mai lacca ya nuna shi ya ce, "Wannan bawan Allah bai taɓa matsawa daga inda ya kafa turkensa ba." Ɗaki ya ɗauki tafi. Ya buɗe baki zai gyara maganar, amma lasifika ta riga ta wuce.

Daga ranar al'amura suka rikice masa. Matasa suka fara karkace hula irin tasa. Wani mai shago da kasuwa ta juya wa baya ya ƙi rufewa, yana kafa hujja da shi, har matarsa ta zo gida ta yi wa Saura-Kaɗan Allah ya isa. Shi kansa in ya zauna wasa diga sai ya tsaya yana tunani, shin ta dakushe ne, ko don mai lacca ya ce haka yake yi?

Rijiyar ƙarshe

A 2011 iyayen yara na wata makarantar firamare da ke sabuwar unguwa a kan tudu, unguwar da ba a kai mata famfo ba, suka ba shi aikin rijiya. Ranar farawa aka fito da ɗalibai layi-layi, mai lacca ya zo da mai ɗaukar hoto. Saura-Kaɗan ya haƙa iya gwiwa, ya ɗanɗana, nan take harshensa ya gaya masa dutse ne a ƙasa. Hannunsa ya kai kan turke zai cire, sai ya ji mai lacca yana gaya wa yara su buɗe ido su ga mutumin da ba ya matsawa. Ya dubi yaran, ya dubi turken, ya ɗauki diga.

Rani ya wuce, damina ta wuce, dutse yana nan. Ma'aikatansa suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idojin kawunsa biyu sun haɗu a rami ɗaya, ƙasa ta yi magana, amma sunansa ya toshe masa kunne. In ya matsa, ya ƙaryata abin da duniya ta san shi da shi. In ya tsaya, yaran makaranta za su ci gaba da ɗauko ruwa a jarka daga gida.

"Baban yara," in ji maiɗakinsa wata rana tana gasa masa kafaɗa, "dutsen nan fa bai je laccar ba."

Ya ce mata saura kaɗan, a karon farko kuma bai san ko gaskiya ya faɗa ba.

Abin da ya ƙara ɗaure masa kai shi ne wani wuri a gindin katangar makarantar, daf da titi, inda ciyawa take shar a tsakiyar rani alhali ƙasar wurin ba ta da ɗanɗanon ruwa ko kaɗan. Yakan je ya kafa turke a wurin, in ya hango wani tafe ya cire, in an wuce ya mayar. Bai yarda da ciyawar ba, bai yarda da harshensa ba, bai kuma sake yarda da kansa ba.

Rasuwarsa

Ciwon ƙirji ya kwantar da shi a farkon 2012, ya rasu a asibiti da hantsi yana da shekara sittin da uku, aka yi masa sutura aka kai shi makwancinsa a ranar, cikin taron da unguwar ba ta taɓa ganin irinsa ba.

Bayan an share makoki 'ya'yansa suka je makarantar, suka tarar da turke a gindin katanga. Gardama ta ɓarke. Malamin makarantar cikinsu ya ce Baba ba ya barin rami, a ci gaba da tsohon. Malamar asibiti ta ce Baba ba ya kafa turke a banza. Suka rabu a kan ba za a ce mahaifinsu ya bar busasshiyar rijiya a duniya ba, suka ɗauko kayan aikinsa da hannayen da ba su taɓa riƙe diga ba, suka fara haƙa a inda turken yake. Sun kai iya cinya ke nan direban cikinsu ya ɗaga diga ya sauke, aka ji ƙara kamar an bugi tukunya, ruwa ya yi tsiri sama ya wuce katanga. Ɗalibai suka cika fili da ihu, mai lacca ya iso yana hawaye yana cewa ko a kabari mai himma yana cika burinsa. Mahaifiyarsu ce kaɗai ta tsaya gefe tana cewa ita duk shekarun da ta yi tana leƙa rami ba ta taɓa ganin ruwan rijiya ya yi tsalle ba.

Marigayin ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: malamin makaranta, wanda shi ne babba, malamar asibiti, direban babbar mota, tela, sai auta, wadda take karatun lauya. Ya kuma bar jikoki tara.

Washegari suna tsaye su biyar a bakin ruwan, wanda ya riga ya cinye rabin filin wasa ya gangara titi, sai wata farar mota ta hukumar ruwa ta tsaya. Wani dogon mutum mai takalmin roba ya fito, ya yi sallama, ya yi musu ta'aziyya cikin ladabi, sannan ya sanar da su cewa tun jiya babban asibiti da unguwanni uku babu ruwa a famfo. Ya durƙusa ya zura hannu cikin ramin har kafaɗa, ya daɗe yana laluben bututun hukumar, ya miƙe yana yarfe hannu.

"To, a cikinku," in ji shi, "wane ne mai digar?"