Fuskar da Hadiza ta rasu da ita

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanwata Hadiza, amma abin ya faro tun kafin nan, ranar da muna cin tuwo a gidanmu na Tudun Wada muka ji wani abu ya faɗa kwano, ƙwas. Haƙorinta ne, lafiyayye, ba tsutsa ba zafi. Har dariya muka yi.

Sai kumburi ya biyo baya a muƙamuƙinta na ƙasa, yana girma a hankali, ba ya ciwo. Likita ya ce wani tsiro ne a cikin ƙashi, ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa, amma wani yakan zauna lafiya, wani kuma ya ci ƙashi. Aka kankare shi, muka yi sadaka. Da ta samu cikin Maryam sai ya dawo da ƙarfinsa, bayan ta haihu aka yanke kusan rabin muƙamuƙin. Fuskarta ta karkace, maganarta ta sauya.

Ba shi ya kashe ta ba, wajen haihuwa ta biyu Allah ya karɓi abinsa. Maryam na da shekara biyar ta dawo hannuna.

Yanzu ina jin akwai waɗanda allura kawai ake yi musu tsiron ya lafa. Da tana nan, na san cewa za ta yi, “Yaya, kowa da rabonsa,” ta ci gaba da tuyar masarta. Ita ba ta taɓa ɓoye fuskar nan ba. Da ita take zuwa biki, da ita take zuwa Islamiyya. Mu ne muke saurin gaya wa baƙi, “Ai da kun gan ta a dā.”

Hoton da na rataya a ɗakina ma na aurenta ne, kafin komai ya faru. Kullum ina share shi ina yi mata addu'a, ina ganin karamci nake mata. Na bayan aikin kuwa suna ƙasan akwati.

Ran Juma'ar da ta wuce Maryam ta tsaya gaban hoton ta daɗe. Na ce mata, “Kin ga kyan mamarki?”

Ba ta juyo ba. Ta ce, “Inna, ni wagga ban san ta ba. Ki ba ni hoton Mamata mai bakin nan, shi nika so.”